Auna zafin jikin doki da kare da mussa: hannu ko ma'auni?

Laminu Burja: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu dawaki. Bindigar nan ta auna zafi da aka yi ta nuna wa mutane a goshi lokacin korona, tana aiki a jikin doki? Akwai ɗaya a gidanmu tana ajiye tun 2020. Na ɗora ta a wuyan ingarmana ta ba ni 34, kusa da ido 36, a gadon baya kuma inda rana ta buga 41. Doki ɗaya, lamba uku. Wacce zan kama?

Abdu Ɗan Isa: Haɗa su ka raba uku, 37 ke nan. Dokinka lafiya lau, kawo kuɗin likita 😂

Laminu Burja: Abdu don Allah da gaske nake. Salla ta matso, ga sukuwa bayanta.

Baba Nomau Tibiri: Wa alaikumus salam. Jikana ka rubutawa, ni ka hwaɗi. Laminu, aje bindigar nan. Mu abin da munka tashi munka iske a barga, ka kama gindin kunnen doki, ka sa bayan hannu tsakanin cinyoyinai, ka buɗe idonai ka duba. In akwai masassara hannunka zai gaya maka. Kuma tun kahin hannu, kwanon dusa shi ka hwaɗa maka. Dokin da yab bar dusa da kanwa bai taɓa ba, ba ya buƙatar wata na'ura ta shaida shi.

Likita Balkisa: Baba ina wuni, ya ƙarfin jiki? Laminu, a kan bindiga Baba ya yi gaskiya, ka ajiye ta. Zafin fata kawai take karantawa, ita ma fatar mutum aka yi ta dominta, wadda ba gashi. A jikin dabba gashi take aunawa da ƙura da rana, shi ya sa ta ba ka 41 a baya. Zafin da muke nema na cikin jiki ne, kuma hanyarsa ta dubura ce, da ɗan ma'aunin nan mai batir da ake sayarwa a kowane kantin magani. Babban doki mai lafiya, yana hutawa a inuwa, yana tsakanin 37.5 da 38.5. In ya haura 38.5 alhali bai yi gudu ba, ka sa ido. In ya kai 39 masassara ce, ka kira mu. Duƙushi yakan ɗan fi uwarsa, har kusan 38.9 ba abin tsoro ba ne.

Baba Nomau Tibiri: Lahiya lau ɗiyata, Allah shi yi albarka. To ashe mun daidaita.

Likita Balkisa: Rabi muka daidaita Baba, a yi min afuwa. Hannu ma fata yake taɓawa. A watan Afrilu a garin nan, rana ta haura 40, wane doki za a taɓa a ji shi da sanyi? Da hunturu kuma, da asuba, kunne yakan yi sanyi ƙalau alhali cikin yana 40. Akwai ma wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, jini ya janye daga kunnuwa da ƙafafu, mai taɓawa ya ce masassara ta sauka, nan kuwa abin ya ƙara muni ne.

Baba Nomau Tibiri: Hannun wa? Hannun ɗan makaranta daban, hannun wanda yag girma cikin kashin doki daban. Sarakunan Gobir da na Katsina sun yi yaƙi bisa dawaki ba su san wata lamba ba, kuma dawakin sun kai su sun maido su.

Nasiru ɗalibi: Baba Allah ya ƙara girma, waɗanda suka mutu a hanya fa ba wanda ya ƙirga mana su.

Malam Sani mai kula da zaure: Nasiru, a hankali. Da kakanka kake magana.

Nasiru ɗalibi: Tuba nake Baba.

Likita Balkisa: Ni ban raina idon Baba ba ko kaɗan. Yawancin dawakin da ake kira na dominsu, mai barga ne ya fara ganin wani abu ya canja. Inda ma'auni ya fi ido shi ne lokaci. Ku tuna annobar da ta shiga jakuna da dawaki daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, tari da majina, ta yi ɓarna a nan Nijar da arewacin Najeriya. Irin waɗannan cututtuka masassara ke riga komai zuwa. Ciwon nan mai kumbura ƙasan muƙamuƙi har ya fashe da mugunya, zafi yana tashi kwana ɗaya ko biyu kafin dokin ya fara yaɗa shi ta majina. Wanda ke aunawa kullum da safe a lokacin annoba zai ware wannan dokin tun bai shafa wa na kusa da shi ba, ya raba musu bokiti. Wanda ya jira majina ta zubo, barga duka ta riga ta sha ruwa ɗaya.

Baba Nomau Tibiri: Wagga shekara na tuna ta. Jakkan masu amalanke sunka yi ta hwaɗuwa a hanyar kasuwa. To ni ma ga tawa. Ciwon ciki hwa? Doki na birgima, yana kartar ƙasa, yana waiwayen cikinai, ki auna ki gani. Sai ki iske lambarki daidai, doki kau na mutuwa.

Likita Balkisa: Wannan kam Baba ya kayar da ni. Ciwon ciki sau da yawa ba ya tayar da zafi. Duk wanda ya ga doki yana birgima ya tsaya yana cewa ai 38 ne, ya yi wauta. Ma'auni abu ɗaya yake faɗa. Sai an haɗa da cin abinci, kashi, numfashi, da launin dasashi. Doki a hutu yana numfashi 8 zuwa 16 a minti, zuciya tana bugawa 28 zuwa 44. A ciwon ciki bugun zuciyar ya fi zafin jiki ba da labari.

Laminu Burja: Na gamsu, zan sayi ƙaramin. Amma Likita, ingarman nan nawa ko wutsiyarsa ka taɓa sai ya ɗaga ƙafa. Yaya zan yi in sa masa abu a dubura in koma gida da haƙorana?

Likita Balkisa: Nan zan bar wa Baba, ya fi ni sanin inda ake tsayawa. Nawa dai: ka shafa wa bakin ma'aunin basilin ko man kaɗe. Ka tura shi a hankali kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ka ɗan karkata shi ya jingina da bangon hanji. In ya nutse cikin kashi zai ba ka lamba ƙasa da gaskiya. Haka in dokin ya saki iska ko ya yi kashi yanzu-yanzu, ka ɗan jira. Kada ka sake shi daga hannunka har ya yi ƙara.

Baba Nomau Tibiri: Yauwa. Ka da ka zo mai ta baya kai tsaye, doki bai ganin abin da ke daidai wutsiyatai, abin da bai gani ba kau harbi yaka yi. Ka hwara daga wuya, kana magana, hannunka bisa jikinai, kana shahwa har ka kai kuturi. Ka tsaya gehe, kahwaɗarka manne da cinyatai. Yara na tsammanin nisa shi ne tsira. Wanda yam manne turewa za a yi, wanda yab ba da taki ɗaya shi ka shan kohwato. Ka ɗaga wutsiya gehe ba sama ba. Wanda yar riƙe ragama shi tsaya ɓangaren da kake, in doki ya motsa shi jawo kai wajenku, gindi shi kauce muku. In mai gardama ne, wani shi ɗaga ƙahwar gaba ta ɓangarenka shi riƙe.

Laminu Burja: In sa masa dabaibayi fa?

Baba Nomau Tibiri: Wanda yas saba da shi. Wanda bai saba ba zai hirgita shi hwaɗo maka.

Likita Balkisa: Ku adana wannan saƙo na Baba, ko a makaranta ba a faɗa mana shi dalla-dalla haka ba. Ƙari ɗaya: ku saba wa doki da abin tun yana lafiya. Ranar da ciwo ke cinsa ba ranar koyo ba ce. Kuma da haka za ka san lambar dokinka shi kansa. Wani kullum 37.6 yake, wani 38.2. Na farkon in ya nuna 38.5 ya yi kusan digiri guda sama da al'adarsa, ko da littafi ya ce bai fita layi ba. Ka auna lokaci ɗaya kullum, don na yamma yakan fi na asuba da kusan rabin digiri. Ka rubuta a takarda ka liƙa a barga.

Abdu Ɗan Isa: Jama'a wasa a gefe. Ni ina da irin ma'aunin nan mai batir, cikin kaya ya zo min daga Kano. Yanzu na sa yaro ya riƙe goɗiyata na gwada yadda Baba ya ce. Ya nuna 100.6. Innalillahi. Ita kuwa tana cin harawarta hankali kwance.

Nasiru ɗalibi: Kawu Abdu da 100 ce irin tamu da tuni ta dahu 😄 Duba gefen lambar, za ka ga harafin F. Lissafin Amurka ne. Ka cire 32, abin da ya rage ka raba da 1.8. Naka ya zama 38.1, lafiyarta ƙalau. Yawancinsu in ka danne maɓallin ka riƙe na ɗan lokaci sai ya koma C.

Abdu Ɗan Isa: Ya koma. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa ɗana.

Malam Sani mai kula da zaure: Likita, na gilashin nan na da, mai zaiba a ciki, har yanzu wasu na da shi. Ya halatta?

Likita Balkisa: Yana auna daidai, amma ban so. Sai an kaɗa shi zaibar ta sauka, sai ya yi minti biyu a ciki, ga shi yana fashewa, zaiba kuwa guba ce. In dole sai shi, a ɗaura masa zare a maƙale a gashin wutsiya, don hanjin doki yana iya zuƙe shi ciki. Kowane iri ne, a wanke da sabulu a goge da alkol kafin a kai shi jikin wata dabba. Kuma na dabbobi daban, na iyali daban, a yi masa alama.

Laminu Burja: To batun sukuwa. In an sauko daga gudu in auna nan take?

Likita Balkisa: Nan take za ka ga 39, har 40, wannan zafin aiki ne. Abin dubawa shi ne yana sauka ko ba ya sauka. A kwance sirdi, a kai shi inuwa, a sake aunawa bayan minti goma sha biyar, a sake bayan rabin awa. In yana 40 ya ƙi sauka, ko ya kai 41, ko yana haki yana tangaɗi, ko gumi ya ɗauke alhali jikin na ƙuna, a yi ta kwara masa ruwan sanyi tun daga wuya har kuturi, bokiti bayan bokiti, ba tsayawa, har lambar ta dawo wajen 39. A bar shi ya sha ruwa kuma.

Baba Nomau Tibiri: A'a! Nan kam ban yarda ba. Ruwan sanyi bisa doki mai zahi? Jijiyoyi za su ɗaure, doki shi sandare. Wanga ko yaron barga ya san shi. Jan shi akai a hankali har gumi shi bushe, sannan a wanke.

Nasiru ɗalibi: Baba a gafarce ni, ba ku kaɗai ba, Turawa ma haka suka yi imani da shi shekara da shekaru. Da za a yi wasannin Olamfik na 1996 a Atlanta ta Amurka, garin zafi da gumi, sai aka ji tsoron dawakin gasa za su faɗi. Aka yi bincike sosai kafin wasan, aka samu ruwan sanyi mai yawa shi ya fi saurin sauke zafi, kuma ba a ga ɗaurewar jijiyar da ake tsoro ba. Tun daga nan haka ake yi a manyan gasanni, har da ƙanƙara a ruwan.

Baba Nomau Tibiri: Dokin Amurka ke nan. Ni na Gobir nika magana.

Likita Balkisa: Baba jan doki a hankali daidai ne ga wanda ya gaji kawai. Ni wanda zafi ke shirin kashewa nake nufi. Kuma ruwan randa ko na rijiya muke da shi, ba ƙanƙara ba.

Baba Nomau Tibiri: Za mu koma kanta. An kira salla.

Hajiya Mariyama Zariya: Sallama jama'a. Ku masu dawaki kun cika zaure, a ba mu wuri mu masu mussa. Likita ƙanwata, tawa ta kwana biyu ba ta da walwala, jikinta da ɗumi. Na auna ta a hammata da na yara ya nuna 38.4. Na ce masassara ce, ina shirin ɓantara mata kwatan parasitamol a madara.

Likita Balkisa: Hajiya don girman Allah kada ki ba ta! Ko ɓarɓashi. Hantar mussa ba ta iya sarrafa parasitamol, yana lalata mata jini, fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, ta mutu. Ƙwaya ɗaya ta isa. Kin riga kin ba ta?

Hajiya Mariyama Zariya: Wallahi ban ba ta ba, yana hannuna. Subhanallahi.

Likita Balkisa: Alhamdulillahi. Na biyu, mussa ta fi mutum zafi tun asali. Nata 38.1 zuwa 39.2 ne, wato abin da zai sa ki kai yaro asibiti ita lafiyarta ke nan. Sai dai na hammata ba abin dogaro ba ne saboda gashi, yakan nuna ƙasa da gaskiya, don haka mai yiwuwa tana da zafin da ya fi wanda kika gani. Ki naɗe ta da tawul ko zane mai kauri, kai da ƙafafu a ciki, wutsiya a waje, wani ya rungume ta. Ki shafa mai, ki sa bakin ƙarfen kawai, bai kai gaɓar yatsa ɗaya ba. In ta yi fitina ki ƙyale, cizon mussa yana ruruwa. Abin da ya fi damuna ma rashin cin abincin ne. Mussa in ta kwana biyu ba ta ci ba a kawo ta a duba, da zafi ko babu.

Hajiya Mariyama Zariya: Tana lasar madara kaɗan. Gobe da safe zan sa a kawo ta in sha Allahu. Na gode ƙanwata, Allah ya bar zumunci.

Ibro Madarumfa: Mu mafarauta hancin kare muke dubawa. In da danshi da sanyi lafiya, in ya bushe ba lafiya. Ko shi ma za a ce ƙarya ne?

Likita Balkisa: Malam Ibro, karen da ya tashi daga barci hancinsa a bushe yake. Da hunturu kusan duka a bushe suke. Akwai kuma mai masassara da hanci jiƙe sharkaf. Kare 38 zuwa 39.2 ne. Daga 39.5 masassara. Ku da kuke shiga daji, abin da ya fi kama naku ciwon kaska ne: zafi, kasala, dasashi ya yi fari ko rawaya, wani lokaci fitsari ya yi ja. Dawaki ma kaska na sa musu irinsa. Sai kuma bugun rana. Kare ba ya gumi irin na doki, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa gudun tsakar rana a bazara ke kayar da shi. In ya kai 41 ana maganar rai ne: inuwa, a jiƙa shi da ruwa har fata, a yi masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don yana riƙe zafin. Shi ma kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibuprofen na huda masa ciki yana taɓa ƙoda.

Ibro Madarumfa: Na bugun rana mun sha gani, mu cikin tabki muke tsoma su in yana kusa. Aunawar ce dai. Kare ba doki ba ne, bayansa lafiya lau, gabansa ne matsala.

Likita Balkisa: Ka ɗaure bakin da tsumma mai laushi, ka zagayo ka ƙulle a bayan kunnuwa, wanda ya saba da shi ya riƙe kai. Banda wanda ke haki saboda zafi, shi in ka ɗaure baki ka toshe masa hanyar tsira. Kuma ku ji wannan da kyau: karen da halinsa ya canja farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon abin da ya samu, ko muƙamuƙinsa ya saki, ba a auna shi, ba a taɓa shi. A kulle shi a sanar da ma'aikatan kiwo. Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti goma sha biyar, ya wuce asibiti a ranar.

Abdu Ɗan Isa: Ni fa duk wannan rungumar kare da ake ta faɗa, ina batun tsarki?

Malam Habu Limanci: A Malikiyya dai duk mai rai tsarkakke ne, har kare da yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi sau bakwai bin umarni ne. Kashinsa kuwa najasa ne, ka wanke hannu da abin da ya taɓa. Wasu mazhabobin sun tsananta fiye da haka.

Abdu Ɗan Isa: To ai malaminmu cewa ya yi...

Malam Sani mai kula da zaure: Alhaji Abdu, Malam Habu, a kai wannan zauren karatu. Nan na dabbobi ne.

Ibro Madarumfa: Saura ɗaya Likita. An ce ana gane ranar haihuwar karya da ma'aunin nan?

Likita Balkisa: Gaskiya ne. Cikinta kwana 63 ne ko kusa. In ta shiga makon ƙarshe ka riƙa aunawa safe da yamma. Za ka ga ya faɗi da kamar digiri ɗaya, ya sauko wajen 37, to yawanci cikin kwana guda za ta haihu. 'Yan kwikwiyon kuma a makon farko jikinsu bai kai na manya zafi ba, 35 zuwa 37 ne, ba sa iya ɗumama kansu. Da hunturu sanyi ya fi yunwa kashe su.

Salisu mai amalanke: Ranku ya daɗe, mu talakawa masu jakai a sa mu a lissafi. Lambar doki ita ce ta jaki?

Likita Balkisa: Malam Salisu gara da ka tambaya, nan ake yawan kuskure. Jaki ya fi doki sanyin jiki, wajen 36.5 zuwa 37.8 in yana hutawa. Kenan 38.5 da za a ce doki yana bakin layi, a jaki da safe masassara ce. Ka auna da asuba kafin ka ɗaura amalanke, don in ya wuni yana jan bulo ko ruwa dole ya hau. Ga shi da ɓoye ciwo. Doki zai yi birgima kowa ya taru, jaki sai dai ya sunkuyar da kai, ya sa baki a abinci kamar yana ci alhali ba ya haɗiya. Ranar da ka gan shi shiru fiye da kullum ka auna.

Salisu mai amalanke: Mu da mun ga haka allurar kasuwa muke saya mu yi masa.

Likita Balkisa: Shi ne abin da ke wahalar da mu. A yi allura, zafi ya lafa na ɗan lokaci, a kira mu mu tarar da lamba daidai, ba mu san inda aka faro ba. Ko me za ka yi, ka fara aunawa ka riƙe lambar da lokacin, ka kuma ajiye kwalbar abin da ka ba shi mu gani. Masassara alama ce, cututtuka da yawa ke kawo ta, ba allura ɗaya ke maganinsu ba.

Nasiru ɗalibi: Tunda an zo nan, ga na sauran kamar yadda aka ba mu a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Akuya, har da jar akuyarmu ta Maradi, 38.5 zuwa 39.7. Tunkiya 38.3 zuwa 39.9. Kaza ta haura 40.5, don haka 41 a kaza ba komai. Raƙumi ne mai abin mamaki, in yana jin ƙishirwa yakan sauka wajen 34 da asuba ya hau 40 da yamma don kada ya yi asarar ruwa ta gumi.

Hajiya Mariyama Zariya: Ikon Allah. Masu ragon layya ma su ji.

Likita Balkisa: Masu dawaki kuma in damina ta sauka ku ninka kula. Akwai cutar da ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba da asuba ke ɗauka, zafi ya kai 40 zuwa 41, ramin da ke saman ido ya cike ya kumbura, wani kumfa ta fito ta hanci. Tana kashe doki da sauri, jaki ya fi jure mata. Dokin da ke kwana kusa da gulbi ko fadama ya fi shiga haɗari. A shigar da su tun kafin faɗuwar rana, a yi hayaƙi, a riƙa aunawa da safe.

Baba Nomau Tibiri: Na dawo. Na karanta na jaki da na mussa, ba ni da ja. Hayaƙi ma mun daɗe muna yi. Batun ruwa ne ban sauka ba. Ga shawara ɗiyata. Ranar sukuwa ki zo da abin awonki. Dawaki biyu in sun sauko, ɗaya a yi mai naki, ɗaya a yi mai nawa, a auna gaban jama'a.

Laminu Burja: Na ba da nawa a yi masa na ruwa.

Abdu Ɗan Isa: Ni zan kawo bokitai, da lemun 'yan kallo.

Likita Balkisa: Na yarda Baba, da sharaɗi biyu. A auna su duka kafin gudu, don mu san inda kowanne ya tashi. Sannan duk wanda ya sauko da 40.5 ko fiye, ko yana tangaɗi, ya fita daga gwaji, ruwa zan kwara masa ko na wane ne, ba zan tsaya ina kallon agogo ba.

Baba Nomau Tibiri: Na hwarko na karɓa. Na biyu, in nawa ne, sai kin tambaye ni tukuna.

Likita Balkisa: Zan tambaya Baba, bokitin na hannuna.

Malam Sani mai kula da zaure: To Laminu ka sanar da mu rana da ƙarfe nawa. Nasiru, ka tattara lambobin doki, jaki, kare, mussa da awaki a saƙo ɗaya, Likita ta duba kafin in maƙala shi a saman zaure.